Ɗaki Biyu Da Rufi Ya Fi Kango Mai Ɗaki Bakwai

Ranar Asabar ɗin da ta gabata na raka wani abokin aikina tsallaken gada, can cikin Millennium City a nan Kaduna, domin ya nuna mini filin da ya saya, wanda yake shirin fara ginawa da zarar ruwa ya ɗauke. Daga inda muka sauka daga kwalta zuwa bakin filin, tafiyar da ba ta wuce ta minti goma ba, na ƙirga kangaye goma sha huɗu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da za a kira ƙaramin gida.

Wanda ke jingine da filin abokin nawa ya kai linta ya tsaya. Bulon ya yi baƙi saboda ruwan daminar da ya sha shekara da shekaru, rodin da aka bari a tsaye domin ɗora bene ya yi tsatsa har yana ɓarewa a hannu, a tsakiyar inda ya kamata ya zama babban falo kuwa gwanda ce ta tsiro, ta girma, har ta yi 'ya'ya. Wani dattijo da ke noma masara a gefen wurin ya shaida mana cewa mai ginin ya rasu bara waccan, iyalinsa har yanzu suna zaman haya a Tudun Wada, kuma magada sun sa kangon a kasuwa, amma duk wanda ya zo dubawa fili kawai yake tayawa, ya ce ginin rushe shi za a yi.

Muka yi wa mamacin addu'a. Ba mu ko bar inuwar kangon ba abokina ya ɗauko zanen nasa gidan ya shimfiɗa a kan mota: ɗakin kwana biyar, kowanne da banɗakinsa, falo biyu, ɗakin cin abinci, ga matattakala ta hawa sama. Mutumin nan ma'aikacin gwamnati ne kamar ni, kuma na san albashinsa domin matakinmu ɗaya. Da na tambaye shi shekara nawa yake ganin aikin zai ci, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai gida sau ɗaya mutum yake ginawa a rayuwa, gara a yi wanda za a gani a yaba. Sauran kuma Allah zai kawo."

Wannan magana ce ta hana ni sakat, domin na tabbata ita mai kangon gwandar ya faɗa wa kansa ranar da aka haƙa masa harsashi.

Ra'ayina shi ne, magidanci mai matsakaicin samu ya gina abin da zai iya kammalawa cikin shekara biyu ko uku da kuɗin da ya tabbata suna shigo masa, ya rufa, ya sa ƙofa da taga, ya kwashe iyalinsa ya tare, bisa zanen da ya bar wa gidan wurin ƙari a gaba. Ba na musun cewa Allah ne mai kawowa, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi kafin mu dogara, kuma ɗaure raƙumi a harkar gini shi ne lissafi.

Abin da kango ke ci kullum

Mutane suna ɗaukar kango a matsayin ajiya, wato kuɗin da aka zuba a ƙasa suna jiran mai su. Ni kuwa ina ganinsa tamkar dabbar da ake ciyarwa ba ta kiwo ba ta haihuwa.

A ce mutum yana biyan hayar naira dubu 700 a shekara a Kawo ko Unguwar Dosa. Idan gininsa ya ɗauki shekara goma, ya miƙa wa mai gidan haya naira miliyan 7, ko da ba a ƙara masa ko kwabo ba, alhali kowa ya san babu mai gidan da zai yi shekara goma bai yi ƙari ba. A haɗa da la'adar dillali duk lokacin da aka tashe shi, da kuɗin motar kwasar kaya, da sauya wa yara makaranta. Waɗannan kuɗin da sun gina ɗakunan da yake mafarki ɗaya bayan ɗaya, da a ce ya tare tun a shekara ta uku.

Shi kansa kangon ba ya tsayawa yadda aka bar shi. Daminar Kaduna doguwa ce, daga wajen watan Afrilu har zuwa Oktoba, bangon da babu rufi babu filasta kuwa shan ruwa yake yi ta sama da ta gefe, sannan hunturu ya zo ya busar da shi ya tsattsage. 'Yan jari-bola suna sare rodi, maƙwabta suna aron bulo aron da babu mayarwa, yashin da aka sauke ruwa ya tafi da rabinsa. Ga kuma abin da ya shafi jama'a baki ɗaya: kowane kango a unguwa maɓoya ce ta 'yan shaye-shaye da macizai, wurin zuba shara kuma, shi ya sa na ɗauki wannan batu a matsayin na al'umma, domin wanda ya kammala nasa gidan ya tare a tsakanin kangaye biyar shi ne yake kwana da ido ɗaya.

"Ɗaki biyu ba zai ishi iyalina ba"

Wannan ce hujjar farko da ake kawowa, kuma tambayar da nake mayarwa ita ce: a ɗaki nawa kuke zaune yanzu? Mafi yawan masu harsashin ɗaki biyar suna zaune ne a ɗaki biyu da falo na haya, kuma a nan za su ci gaba da zama har yaran da aka zana wa ɗakunan su girma, 'yan matan su yi aure, samarin su kama gabansu. Na san gidan da aka kammala bayan shekara goma sha biyu, aka tare daga tsoho sai tsohuwa sai auta, ɗakuna uku an rufe su da kwaɗo.

Na yarda cewa mai 'ya'ya maza da mata da suka fara tasawa yana bukatar ya raba musu makwanci, wannan tarbiyya ce kuma addini ne. Amma maganin wannan shi ne ɗaki ɗaya na samari a bakin ƙofa, wanda za a iya ginawa da adashe ɗaya bayan an tare.

Iyayenmu haka suka yi gini. Duk wanda ya tashi a tsohon gida a birnin Zariya, ko ma a nan Unguwar Shanu da Tudun Nupawa, ya san cewa ba a rana ɗaya aka gina gidan ba. An fara da katanga da zaure da ɗaki ciki da falo, da aka ƙara aure aka ƙara ɗaki, da yaro ya balaga aka yanka masa shago a waje. Gidan yana girma tare da mutanensa. Abin da ya canza shi ne mun koma ga dunƙulallen gini wanda rufi ɗaya ke lulluɓe komai, irin wanda ba ya shiguwa sai an rufe shi gaba ɗaya, kuma muka ɗauko tsarin ba tare da mun ɗauko aljihun waɗanda suka saba yin sa ba.

Ba cewa nake a yi gini barkatai ba. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 yana ɗaukar gida babba idan an tsara shi tun farko. A je wurin mai zane wanda ya karanci aikin, kuma Kaduna ba ta rasa su ba, ga waɗanda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yaye, ga na Jami'ar Ahmadu Bello. A gaya masa gaskiya: ina son gida mai ɗaki biyar, amma yau kuɗin biyu nake da su, ka zana mini yadda kashin farko zai tsaya da ƙafarsa, ya kuma karɓi na biyu ba tare da an fasa bango ko an kwance rufi ba. Shi zai nuna inda sokawe zai zauna da inda rijiya za ta kasance nesa da shi, domin kada a zo ƙari a tarar da rami a inda ɗaki ya kamata ya hau. Idan ana da niyyar bene wata rana, tun yanzu injiniya zai faɗi irin harsashin da zai ɗauka a wannan ɓangaren kaɗai.

Kuma a nuna wa uwargida zanen kafin a kira masu haƙa. Ni da kaina na yi wannan kuskuren. Na kawo zane gida ina ta alfahari da faɗin falo, mai ɗakina ta duba ta duba, ta ɗago kai ta ce, "Malam, to ina zan yi shanya? Ranar suna ina mata za su zauna? Ragon layya a falon za a ɗaure shi?" Ashe na cinye filin kaf da gini, ban bar tsakar gida ba, kicin ɗin kuma ɗan tsugunno ne marar taga, wanda ba za a iya hura gawayi a ciki ba ranar da gas ya ƙare. Gyaran da aka yi a takarda a wannan makon bai ci ko kuɗin buhun siminti biyu ba.

"Kaya kullum tashi suke yi, gara in kafa babba tun yanzu"

Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. A farkon shekarar 2023 ana sayen buhun siminti mai kilo 50 ƙasa da naira dubu 5. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na wannan shekarar da faɗuwar darajar naira, a watan Fabrairun 2024 buhu ya haura naira dubu 10 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti, Dangote da BUA da Lafarge, a kan batun farashin. Rodi da kwano da kuɗin tifar yashi duk sun bi sahu. Wanda ya ga wannan da idonsa ba za a zarge shi ba idan ya ce kuɗi a banki narkewa suke yi, gara ya mayar da su bulo.

Sai dai hujjar tana goyon bayana ne idan aka bi ta har ƙarshe. Tsadar da ta hau siminti ita ce ta hau kwano da katako da waya da tayil, wato kayan da mai kango bai saya ba tukuna, kuma girman harsashinsa shi ke yanke masa yawan abin da zai saya daga cikinsu. Wanda ya kafa ɗaki biyar ya ɗaure kansa da rufin ɗaki biyar a farashin shekarar da bai sani ba. Wanda ya kafa biyu ya rufe su kafin tashin farashi ya tsira, tsada ta same shi a cikin gidansa.

Akwai wani ruɗi da ke cin masu ginin farko, wanda ya kamata a faɗa da babbar murya. Idan bango ya kai linta, sai mutum ya tsaya daga nesa ya ga siffar gida, ya ce ai an ci rabin aiki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A littafin da na riƙa rubuta kashe-kashen ginina, daga haƙa harsashi zuwa linta bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da gidan ya ci ba. Sauran duk yana gaba: katako da kwano da ladan kafinta, wayarin, aikin famfo, sokawe, filasta ciki da waje, tagogi da ƙarafunansu, ƙofofi, daɓe, silin, fenti, da jawo wuta daga turken da ke layi na uku. Bulo yana tashi da sauri yana faranta rai, shi ya sa birkila ke son babban gini. Kayan gamawa kuwa a hankali suke tsotse aljihu, ba a ma ganin inda kuɗin suka shiga.

Idan ana son a tsere wa tsada, a sayi abin da ba ya lalacewa kuma ake da wurin ɓoye shi, kamar kwano da ƙofofin ƙarfe da tagogi. Siminti kam ba a ajiyarsa. Buhun da ya yi 'yan watanni a ɗaki mai laima zai dunƙule, wanda bai dunƙule ba ma ƙarfinsa ya ragu.

Idon jama'a

Hujja ta uku ba a cika faɗinta a fili ba, amma ita ce mai tuƙa sauran. Mutum yana tsoron a zo walimar tarewa a ce, "Duk shekarun nan da ya yi yana aiki, ɗan wannan ya iya ginawa?" Domin gudun wannan magana ta yini ɗaya sai ya sayi wahalar shekara goma.

A duba sababbin unguwanninmu, daga Rigasa zuwa Rigachikun. Rufi ya zama gasa, kowa yana son nasa ya fi na maƙwabci tsini, har ka ga rufin ya fi bangon da ke ɗauke da shi tsawo. Kowace ƙafa da aka ƙara wa tsayin rufi ƙarin katako ne da ƙarin kwano da ƙarin ladan kafinta, a kan sararin da babu mai kwana a ciki sai jemage. Masu kare shi suna cewa yana rage zafi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma silin mai kyau da tagogi masu fuskantar juna da bishiyar mangwaro ko darbejiya a tsakar gida suna yin wannan aikin da kuɗi kaɗan. Sannan duk wanda ya ga iskar farkon damina a garin nan ya san cewa ɗaurin rufi ya fi tsayinsa muhimmanci.

Haka batun get. Za ka ga get na alfarma wanda maƙeran Panteka suka ƙawata da zanen zinariya, an liƙa tayil a katangar waje, amma ka shiga ciki ka tarar ana rufe tagar ɗakin yara da buhu. Silin na POP mai hawa uku da fitilu kala-kala zai iya jira. Daɓen siminti mai santsi da leda a kai ya raini mutane da yawa da suka zama manya a ƙasar nan, kuma ranar da aka samu kuɗin tayil ana iya shimfiɗa shi ɗaki ɗaya bayan ɗaya ana cikin gidan. Fentin waje ma zai iya jiran shekara, muddin an yi filasta.

Masu maganar da ake tsoro kuwa, shinkafar walima za su ci su tafi. Ban taɓa jin wanda ya taimaka wa wani da bandir ɗin kwano domin ya yaba girman harsashinsa ba.

Inda tsimi yake zama hasara

Kada a fahimce ni a kan cewa araha nake wa wa'azi. Ƙaramin gini shi ne yake ba mutum damar ya sayi abu mai kyau a inda ba a gyara kuskure, kuma a nan ne na fi ganin masu babban zane suna yin ƙwauro, domin kuɗin sun watsu a faɗi.

Da na fara nawa, wani mai gidan bulo ya yi mini ragin da ya faranta mini rai, na biya kuɗin bulo dubu ɗaya mai inci tara. Ranar da aka sauke kashin farko birkilana, wani dattijo marar yawan magana, ya ɗauki ɗaya ya ɗaga daidai ƙirjinsa ya sake shi. Bulon ya tarwatse kamar ƙuli-ƙuli. Ya ɗauki wani ya kankare gefensa da ɗan makulli, yashi ya riƙa zuba. Ya dube ni ya ce, "Maigida, wannan an nuna masa siminti ne daga nesa. In ka ce in ɗora zan ɗora, amma ba da sunana ba." Masu tsoron Allah suna fitar da bulo kusan talatin daga buhu ɗaya, wasu kuwa suna matsa buhun har ya haifi arba'in da ɗoriya, daga nan ragin yake fitowa. Da ƙyar na karɓo rabin kuɗina, sauran bulon kuma ya tafi a cikon harsashi. Daga baya na sayi siminti da yashi na kira masu bugawa suka buga a filin a gabana, na sa yaro yana ba shi ruwa safe da yamma.

Ban-ruwan nan da ake rainawa shi ne rabin ƙarfin siminti. Kankare yana bukatar a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniyoyi ke lissafi da shi. A lokacin hunturu, wanda shi ne lokacin da aka fi yin gini a Kaduna, iska tana busar da shi tun bai kama ba, sai ka ga sabuwar filasta ta yi zane-zane kamar bayan kunkuru. Saboda haka samun ruwa a fili, ko rijiya ce ko yarjejeniya da maƙwabci mai burtsatse, yana gaba da sauke bulo.

Rodin da injiniya ya rubuta mai milimita 12 kada a bari wani ya ce mai 10 ma zai yi. Katakon rufi a tabbata ya bushe kuma an shafe shi da maganin gara, domin gara ba ta jin kunyar sabon gida. Wayar wuta ta jabu kuwa ba kuɗi kaɗai take ci ba.

Sai batun amana, wanda ya raba zumunci da yawa. Mai gini daga nesa, ko wanda aiki ba ya barinsa ya leƙa, yakan damƙa komai a hannun ƙani ko ɗan ɗaki ba tare da rubutu ba, domin a ganinsa neman rasit daga ɗan'uwa rashin kunya ne. A nawa ganin, rubutu shi ne yake tsare zumuncin. A yi jinga mataki-mataki, a rubuta, a biya bayan an ga aiki, a ƙirga buhunan da aka buɗe da yamma. Ranar zuba kankare kuma, ko ta linta ko ta dakali, mai gida ya nemi izini a wurin aiki ya tsaya a wurin da ƙafarsa, domin abin da aka binne a wannan ranar ba za a sake ganinsa ba.

Fili da takarda

Duk abin da na faɗa ba shi da amfani idan filin kansa matsala ne. Dillali yana nuna fili ne da rani, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi kyau. Mai saye ya koma a watan Agusta bayan an kwana ana ruwa, ya ga inda ruwan ya kwanta da inda ya bi, ya tambayi matan unguwa ko rijiyoyinsu suna ƙafewa a watan Maris. Mazauna Kigo Road da Rafin Guza da sauran wuraren da ke gaɓar Kogin Kaduna sun sha ganin ambaliya, kuma filin fadama, ko da kogi bai kai gare shi ba, ciko da harsashinsa kaɗai suna iya cinye bambancin kuɗin da ya sa aka ga kamar ya yi araha. A lissafa nisa ma, domin kuɗin motar zuwa aiki da kai yara makaranta haya ce ta daban wadda ba ta ƙarewa, a kuma bincika lafiyar hanyar da dare.

Mutane da yawa suna tsayawa a takardar cinikin da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu. Tana da amfaninta, amma tun daga dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, takardar mallaka kuma daga gwamnati take fitowa. A Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini. Kafin a biya kuɗin fili ya kamata a bincika ko yana da wani mai shi, ko ya faɗa cikin hanya, ko yana ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko yana kan bututun mai. Mun ga gidajen da aka shafa wa jan fenti, mun kuma ga waɗanda katafila ta bi ta kansu, kuma a ranar babu wanda ya tambayi mai gidan nawa ya kashe.

Za a ce takardu suna da tsada kuma suna cin lokaci, talaka ba zai iya ba. Wannan koke ne da ya kamata hukuma ta saurara, kuma a nan nake ganin gwamnati tana da rawar takawa. Da za a tanadi wasu 'yan zane-zane na ƙananan gidaje waɗanda aka riga aka amince da su, masu ginuwa kashi-kashi, mai fuloti ɗaya ya zaɓa ya biya kuɗi kaɗan ya samu izini cikin 'yan kwanaki, da an rage gini ba bisa ƙa'ida ba, an kuma rage kangaye. Ma'aikata da dama ana cire musu kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, amma rancen gina gida daga irin wannan asusu yana tafiya ne da takardar mallaka, wasu kuma suna ƙaurace masa saboda kuɗin ruwa. Shi ya sa mafi yawanmu da albashi da adashe da kuɗin masarar da aka noma muke gini, sai kuma giratuti ga wanda Allah ya kai shi. Irin wannan kuɗi ɗigo-ɗigo yake zuwa, kuma ginin da ya dace da shi shi ne wanda ake iya tsayawa a kowane mataki ba tare da ruwa ya lalata na baya ba.

Ni ɗaki biyu da falo da kicin na fara da su, muka tare babu silin a falo, babu fenti a waje, ƙofar gida kuwa ta kwano ce. A shekara ta biyu kuɗin da da na kai wa mai gidan haya suka yi ɗakin samari, ta uku suka yi silin da tayil. Har yanzu akwai fili a gefen gabas da ke jiran ɗaki biyu, a halin yanzu mai ɗakina tana shuka alayyafo da kuɓewa a wurin.

Abokin nawa ya kira ni daren Talata. Ya ce ya yi shawara da iyalinsa, ya haƙura da benen, amma ɗaki biyar ɗin suna nan, domin ba zai iya kallon surukansa ya ce musu ɗaki biyu ya gina ba. Na ce masa ya zo da zanen ranar Asabar, ni kuma zan ɗauko tsohon littafina, mu biya ta Panteka mu ji kuɗin kwano da katako da ƙofofi a farashin yau, mu zauna mu lissafa rufin ɗaki biyar kafin ya kira masu haƙa. Ya ce zai zo bayan Azahar.